Takardar da Yaya Sabo ya zo da ita daga Kambodiya

Zakirai, Asabar

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na fita da takardar a aljihu, na nufi garin Kunci. A akwatin Yaya Sabo muka tsince ta bayan rasuwarsa. Ɗan sanda ne, an tura su Kambodiya aikin sulhu, ya dawo ba lafiya. Rubutun ba ajami ba, ba boko ba. Liman ya juya ta sama da ƙasa, ya ajiye. Nan dangi suka ce ai sammu ne aka yi masa, Inna kuwa ta daina cin abinci. Kwana biyu ta ba ni in samo mai karantawa, in ba haka ba a sa wa takardar wuta.

Shekarar wahalar fetur ce. A a-kori-kura na samu wuri, bisa buhunan gero.

"Malam, yau kuɗin mota ninki biyu ne," in ji direba. "Ko ka hau, ko ka taka."

Na hau. Shingen sojoji uku kafin Kano. Azahar a Bichi, na sha furar naira biyar.

Kunci

La'asar sakaliya na iske Sajan Audu, wanda suka tafi tare da Yaya, yana tsinkar gyaɗa. Ya karɓi takardar, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ai a kife kuka riƙe ta! Kuma daga hagu ake farawa."

Ya ce rubutun mutanen Kambodiya ne, ya nuna min da ɗan yatsa. Baƙaƙe talatin da uku, wasu na goye da wasu a ƙarƙashinsu. Wasali kuwa yana zama sama, ko ƙasa, ko gaba, wani ma ya kewaye baƙin gaba ɗaya, kuma sautinsa na sauyawa da baƙin da ya hau. Ya ce Turawan da suka yi aiki tare sun so mayar da rubutun boko, kowa ya rubuta nasa daban. Ni malamin firamare mai taƙama da wasula biyar, sai na sake sunkuyawa kan takardar. Ikon Allah!

"Kaɗan na koya," in ji shi, "amma wannan a gabana wani malamin makarantar ƙauye ya rubuta. Ambaliya aka yi, Sabo ya yi ta ɗauko ɗalibansa a wuya yana fitarwa. Godiya ce. Ga sunan Sabo nan."

A zaurensa na kwana, bayan tuwon dawa da miyar kuka.

Gida, Lahadi

Ƙarfe huɗu na iso lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Sajan da alheri. Na kwashe labari na faɗa wa Inna. Ta jawo takardar gabanta.

"Ina wajen sunan nasa?"

Na nuna mata. Ta ɗora yatsa a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba.