Tukunyar Gwaggo a Hanyar Istiraha

Shekarar da na gama jami'a ce matan layinmu a unguwar Mansur, a nan ƙasa mai tsarki, suka ɗora mini shugabancin Sha'abana, taron ci da sha da muke yi a ƙarshen Sha'aban kafin azumi ya kama. Ba aikin albashi ba ne, kuma ba ni na nema ba. Ummata ce ta faɗa a gaban mutane: "Ga mai mota, ga mai Larabcin ofis, me kuma kuke jira?" Wata ta rangaɗa guɗa.

Da can a kan rufin wani gida ake yi. Amma 'yan matan da muka taso tare suka ce sun gaji da cin abinci a gindin tankin ruwa, su istiraha suke so, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya a bayan gari, mai ciyawa da wurin ninkaya. Suka fi rinjaye, na je na kama.

Matsalar ita ce hanya. Akwai wani wuri bayan gidan mai inda jami'ai kan tsaya su duba takardu, mu kan ce taftish. Na yi ta bin hanyar ni kaɗai don in gane lokacinsu. Wata rana suna nan, wata rana ko kare babu. Ni a nan aka haife ni, katina na cikin jaka. Gwaggo ce ba ta da igama, wato takardar izinin zama.

Ba ƙanwar mahaifina ba ce, maƙwabciya ce. Ta zo hajji daga Sakkwato tun kafin a haife ni, ba ta koma ba. A bayanta na yi barcin yarinta, sa'ad da Umma ke fita aiki. Ita ke yin dambun Sha'abana, kuma al'adarmu ce ba a taɓa abinci sai ta buɗe tukunya ta yi bismilla. Idan aka kama ta, gidan tarhil za a kai ta, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, kuma ban san wanda ya rage mata a can ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Na je na same ta tana tankaɗe. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce wataƙila zafin rana zai yi mata yawa, wataƙila ƙafarta.

"Ɗiyata, ƙahwata lahiya lau take," ta ce. "Tsoro kike ji?"

"Ba tsoro ba ne, Gwaggo, lissafi ne."

"To bar lissahi. Wanda ya kawo ni garin ga bai yi shawara da ke ba."

Ranar da safe na aika ƙawata ta wuce gaba da motar yayanta. Ta bugo ta ce, "Hanya fes, yalla, ku taho." Gwaggo ta shiga baya, tukunya a cinyarta an naɗe da tawul, ƙamshin zogale da man gyaɗa ya cika motar. Ta sa sabon mayafi. Tana ta ba ni labarin wata da ta taɓa zuba sukari a dambu, ni kuwa idona na kan hanya.

Muna dab da gidan mai na ga motocin gabanmu suna rage gudu, jan wuta na kamawa ɗaya bayan ɗaya. Ban hango kowa da kaki ba. Mai yiwuwa hatsari ne, mai yiwuwa babbar mota ce ta lalace. Har yau ban sani ba. Na karya kan motar na shige gidan man, na tsaya kusa da wurin iskar taya.

"Mi ya hwaru?"

"Ba zan wuce da ke ba, Gwaggo."

"Mata kan wuce. Ba su duba tsohuwa da tukunya."

"Wani lokaci suna dubawa."

"Ni na yarda. Wuce."

"Ni ban yarda ba."

Ban taɓa yi mata musu ba sai ranar. Ta dube ni ta madubi, ta daɗe, sannan ta kawar da kai.

Na kira ƙawata, yayanta ya dawo ya karɓi tukunyar. A waya na gudanar da sauran shugabancin: ina tabarmi, wa ya riƙe makullin ɗakin girki, a hana yara zuwa wajen ruwa mai zurfi. An ce Umma ce ta buɗe tukunyar, an ce taro ya yi kyau. Wasu suka ce na watsa musu ƙasa a ido, kuma ba zan ce ba su da hujja ba.

Na mayar da Gwaggo Mansur. A ƙofar ɗakinta ta cire sabon mayafin ta ninke, ta ce in tafi wurin mutanena. Na ce zan zauna. Ta ce ba ta da abin ba ni. Na zauna a dokin ƙofa duk da haka, ina jin ta tana kankare ƙanzo a wata tsohuwar tukunya.

Da shekara ta zagayo aka sake kama istirahar nan, aka naɗa wata shugaba. Ba wanda ya tambayi Gwaggo ko za ta je. An dai aiko mota ta ɗauki dambun. Tana nan a layinmu har yanzu, tana amsa gaisuwata, amma ba ta sake shiga motata ba.