Yaƙina da Biran Gindin Dutse

Da rani na dawo gida daga yaƙin basasa, bayan an sallame mu. Jirgin ƙasa ya sauke ni a Gusau, na hau motar katako mai zuwa Tsafe, na sauka a Kwatarkwashi. Ina sanye da takalmin soja da hular da na ƙi rabuwa da ita, kuma tun daga tasha nake shirya irin takun da zan shiga ƙauyenmu da shi. Ashe ranar kasuwa ce, kowa ya tafi. Wata akuya ce ta tarbe ni a ƙofar gida, ita ma ba ta daina tuƙa ba.

Gidanmu gidan mayaƙa ne, ko in ce haka muke faɗa. An ce kakana ya riƙe kwari da baka zamanin da Turawa suka shigo ƙasar, ko da yake Inna, mahaifiyata, ta ce ita dai abin da ta san surukinta da shi harbin zabin daji ne. Baba kuwa ya je ƙasar Bama, can hayin teku, a yaƙin Turawa, ya dawo da ɗingishi da ƙarancin magana. Ban taɓa jin ya ba da labarin can ba.

Ni aikina a soja dakon akwatunan harsasai ne, daga baya aka mayar da ni wajen girki. Tabo ɗaya na samo, a dantse, ranar da tukunyar wake ta kife mini. Da samari suka gan shi a dandali suka tambaye ni, sai na girgiza kai na ce, "Ku dai bari." Ban ƙara komai ba. Kafin damina ta faɗi, tabon ya zama na gurneti a bakin mutane, ni kuma ban ga dalilin yi musu gyara ba. Matar da na aura a shekarar, 'yar Bilbis, kallo ɗaya ta yi masa ta ce, "Malam, wanga ai ƙunar tukunya ce." Ta nuna mini irinsa a hannunta.

Da ruwa ya sauka Baba ya kai ni gonar gindin dutse, ya miƙo mini hauya. "Ga ta nan," ya ce. "Tunda kai soja ne, akwai abokan gaba." Na ɗauka wasa yake yi.

Na shuka masara da gyaɗa, na ja kunyoyi da igiya, tsaf kamar layin fareti. Ranar gayya na zo da usur don in riƙa bai wa manoma oda. Suka bi kiɗan makaɗi suka bar ni ina busa ni kaɗai.

Da masara ta fara nuna sai abokan gaban suka sauko daga kan dutse. Birai ne, manya, da 'ya'yansu a goye. Na lura suna barin ɗaya a kan falalen dutse yana gadi, abin da ko a rundunarmu ba kullum ake tunawa ba. Na ce to, soja ya gamu da soja. Na haƙa rami a tsakiyar gona na rufe da ganye, na ɗaura gwangwanaye a igiya, na tara duwatsun majajjawa. Da hantsi na shige ramin na yi kwanton ɓauna. Kuskuren dai shi ne furar da na sha kafin in fito. Ga inuwa, ga iska mai sanyi.

Da na farka rana ta karkata. Na leƙo na ga karan masara a tsaye, babu goyo. Wani ƙaton biri na zaune a kan kunya da hulata a hannu, yana gwada ta da haƙori. Na fito na daka masa tsawa irin ta sajenmu. Ya dube ni, ya yage baki ya nuna mini fiƙoƙinsa. Na ja da baya cikin dabara, na rufta ramin da na haƙa, gwangwanaye suka hau kuka.

Ashe Baba na gindin tsamiya yana kallo. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin dasashinsa ba sai ranar. Ya ɗingiso ya ba ni hannu na fito, muka zauna.

"Mi kake yi can wurin yaƙi?" ya ce.

"Dako, Baba. Sai girki."

"To, mu ma da munka tai Bama kaya munka ɗauka bisa kai. Ruwa dare da rana, ga matsattsaku." Ya shafa gwiwarsa. "Wagga ƙafa santsi ne, na gangaro da kaya. Wani mutumin Bunguɗu ya goya ni har asibiti. Shi bai ga gida ba, zazzaɓi ya ɗauke shi kafin mu shiga jirgi."

Sai na ji bakina ya buɗe da abin da ban faɗa wa kowa ba: yaran da ke tsayawa bayan madafarmu a garuruwan da muka shiga, ciki a kumbure, gashi ya yi ja, suna jiran ƙanzo. Baba ya ɗora hannunsa a kafaɗata, ya daɗe bai ɗauke ba. Da muka tashi na fara yi masa bayanin tabon, ya ce kar in wahalar da kaina, matata ta riga ta gaya wa Inna, Inna ta gaya wa gari.

Muka yi damina biyu muna noma tare, sannan fari ya zo, mu da birai duka muka tashi a tutar babu. Baba ya ga dawowar ruwa, ya ga rumbu ya cika sau ɗaya, Allah Ya karɓi abinsa kafin shekarun alif ɗari tara da saba'in su ƙare. Ni na shiga kabarin na karɓe shi.

Bayan rasuwarsa matata ta ce in mayar da gonar ta auduga, tunda biri ba ya cinta. Na yi kwanaki ina jan aji, sannan na sanar da maƙwabta cewa na yi nazari na canza dabarar yaƙi. Auduga ta yi kyau, birai suka zauna a kan dutse suna kallonta. A shekarar, tsutsa ce ta cinye ta.