Ranar da Yarona Ya Kifar da Manajanmu

Akwai wata Juma'a a Abhur, can gefen Jidda, da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai. Ranar ce na tsaya a bakin fili ina kallo, yaron wajena ya ɗora gwiwa a gadon bayan mutumin da iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa, ya kifar da shi a gaban jama'a.

Lokacin ina aikin kula da na'urorin sanyaya ɗaki a wani rukunin gidajen Turawa da ke can Abhur ɗin. Manajanmu, wanda muke kira Oga, ɗan Ostireliya ne, ƙaƙƙarfa mai jan wuya, ba ya yawan magana, kuma shi ke sa hannu a sabunta kwantiragina duk shekara. Shi da 'yan ƙasarsu suna da wata ƙwallo tasu da suke bugawa in sanyi ya shigo. Siffar ƙwai gare ta, ana buga ta da ƙafa a cafe da hannu, kuma sanduna huɗu ake kafawa a kowane ƙarshen fili, dogaye biyu a tsakiya, gajeru biyu a gefe. In ƙwallo ta bi tsakanin dogayen, maki shida ke nan. Ni na yanka musu sandunan daga ragowar bututun ruwa, ta haka ma na san wasan. Babbar dokarsu ita ce duk wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo kafin ta taɓa ƙasa, sai a ja baya a bar shi ya buga a natse. Shi ya sa kowace ƙungiya ke neman dogon mutum ta kafa shi a gaban sandunan abokan karawa, a yi ta aika masa ƙwallo. Shi ne babban ɗan gaba.

Yarona kuwa yana da shekara sha shida, amma sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidanmu na unguwar Hindawiyya. Tun da na ɗauko iyalina daga Zariya ya zama shiru-shiru, ba aboki, ba fita, daga makaranta sai ɗaki. Wata rana ya rako ni filin, kocinsu, wani tsohon malamin makaranta mai furfura, ya ƙyalla ido ya gan shi. Ya yi ta zagaya shi kamar mai tayin rago, sannan ya roƙe ni in bar shi ya gwada. Na yarda, amma a mota na ja masa kunne sosai. Na ce waɗannan mutane sa'o'in ubansa ne, kada ya ɗaga wa kowa murya, kada ya bangaji kowa, balle Oga. Ya ce to. Ni har ga Allah na ɗauka tarbiyya na yi.

Kocin nan yana da haƙuri irin wanda ni ba ni da shi. Ba ya lissafa ƙwallayen da yaron ya ci. Ya ce mini dogayen yara ba sa nuna da wuri, jikinsu yana riga hankalinsu girma, sai an jira. Ya koya masa ya riƙa rugowa wajen mai ƙwallo maimakon ya tsaya jiranta. Ya koya masa taku shida da jan numfashi ɗaya kafin kowane bugu, kullum iri ɗaya. Har ya mayar da shi mai tsaron baya na wasu makonni, abin da ya ɓata mini rai ƙwarai, don mu da muka tashi da tamaula mun san in an mayar da ɗan gaba baya, rage masa girma aka yi. Kocin ya yi dariya ya ce so yake yaron ya ga da idonsa abin da ke wahalar da mai tsaro, don ya san yadda zai wahalar da shi gobe.

Yaron ya sake, ya fara dariya a gida, har yana cinye tuwon ƙannensa. Matsala ɗaya ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A atisaye ba ƙwallon da ke wuce hannunsa, amma da an fara wasa da manya sai ya noƙe. In dattijo ya taho, sai ya matsa ya ba shi hanya. In yana son ƙwallo, sai ya ɗaga hannu shiru kamar ɗalibi mai neman izinin fita.

A sanyi na biyu kocin ya ja ni gefe. Ya ce hannu akwai, ƙafa akwai, amma yaron yana tsoron jiki, shi kuma duk abin da ya sani ya gwada. In Juma'a mai zuwa bai ga canji ba, zai ba wani gurbin. Ashe yaron ya ji. Da muka koma gida ya ɗora takalmansa a saman kwaba ya shige ɗaki, irin shigar nan ta da.

Mahaifiyarsa ce ta warware mini abin, tana yankan albasa ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wane tsoro? Yaron da ke shiga tsakanin ƙarti ya raba faɗa a layin nan? Kai ka ɗaure shi tun a mota, shekara biyu yana jiran ka kwance shi."

Na san gaskiya ta faɗa. Amma ba zan ɓoye ba, tsoro ya kama ni. Ina da ƙananan yara a makaranta, ga tsohuwata a gida, kuma duka a kan sa hannun mutum ɗaya muke rataye. Ranar Juma'a bayan la'asar muka kama hanyar Abhur, har muka iso bakin ƙofar rukunin. Nan na kashe mota na ce masa na janye maganata, a cikin fili babu babba babu yaro, in ya fito ya koma ɗana mai gaisuwa.

"Har Oga, Baba?"

"Har shi," na ce, ina addu'a a zuci Allah ya sa a ƙungiya ɗaya za a sa su.

Kocin kuwa, kamar ya san abin da ke raina, ya ɗauki Oga ya ce shi zai tsare yaron.

Ƙwallon farko da ta taso, na ji wata murya ta kwatsa ihu a filin, sai da na duba sau biyu kafin na yarda ta ɗana ce. Bai cafe ba, amma ya ture kafaɗar Oga ya doko ta ƙasa, wani gajere a ƙungiyarsu ya tsinta ya ci. Kocin ya tafa masa fiye da wanda ya ci ɗin. Haka suka yi ta gogayya har rana ta yi ja. Ana dab da tashi aka bugo wata mai tsayi, Oga ya tsaya a ƙarƙashinta ya kafe. Yaron ya taho daga baya a guje, ya yi tsalle, gwiwarsa ta sauka tsakanin kafaɗun mutumin, ya ƙara tashi sama ya cafe ta da hannu biyu. Oga ya kife rub da ciki, bai motsa ba.

Wani direban rukunin, Bahaushe haifaffen Jidda, yana tsaye kusa da ni. Ya ce, "Halas, ya ammi, ta ƙare kawu, je ka haɗa kayanka." Shi wasa yake, ni kuwa na ɗauka da gaske. Na shiga filin ina harhaɗa Turancin ban haƙuri. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron yana rungume da ƙwallo, ba Oga yake kallo ba, ni yake kallo.

Kafin na ƙarasa Oga ya mirgina. Leɓensa ya fashe, ciyawa ta manne masa a hanci, kuma dariya ce ta hana shi numfashi. Tambayarsa ta farko ita ce ko wani ya ɗauki hoto. Ashe a wasansu wannan hawan halal ne matuƙar ƙwallo ka nufa, kuma babu abin da suke girmamawa kamarsa. Ya daka wa yaron tsawa ya buga mana, me yake jira. Yaron ya yi takunsa shida, ya ja numfashi, ya buga, ta kauce ta bi tsakanin doguwar sanda da gajera, maki ɗaya kacal. Ba wanda ya damu. Kocin ya zo ya dafa ni ya ce gurbin na yaron ne. Na zauna a kan ciyawa.

Da aka tashi yaron ya tsallake layin fili ya fito, ya je gaban Oga ya durƙusa yana ba shi haƙuri. Mutumin ya rasa yadda zai yi, sai shi ma ya durƙusa. Kwantiragina an sabunta shi a wannan shekarar, a ofishin da aka rataye hoton ɗana a kan wuyan mai ofishin.

Na koyi cewa renon dogon ɗan gaba yana son haƙuri da koci mai ido, amma duk ƙwarewar koci ba zai iya kwance igiyar da uba ya ɗaura ba. Na ce ladabi nake koya wa yaron nan, ashe tsorona na ɗora masa, ya kuma ɗauke mini shi shekara biyu bai taɓa cewa ya yi masa nauyi ba.