Kumfar da Mijin Yayata Ya Yaɗe

Mijin yayata yana da ramin tarwaɗa a Faskari, kuma tun da ya haƙa shi ya ɗauka babu wani mai rai a cikin ruwa da ya fi ƙarfin saninsa. Ban taɓa son mutumin nan ba. Irin waɗanda za ka yi wa sallama su amsa maka da shawara ne.

Shekarar da aka kore shanun Baba a ƙauyenmu na wajen Sabuwa, na ɗauko shi ya dawo gidana a Ƙanƙara. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana lura da saniya mai ciki, sai ga shi kan tabarma yana kallon bango. Abinci ma sai an yi da gaske yake taɓawa. A ɗakin da yake wuni akwai akwatin gilashi da nake kiwon gurami biyu, 'yan kifayen da ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba. Namijin ja ne mai ratsin shuɗi, macen toka-toka. Na zaɓe su ne don suna leƙowa sama su shaƙi iska, ko an ɗauke wuta babu ruwansu.

Da farko Baba raina su ya yi. "Wanga ko miya ba ya yi," in ji shi. Amma ranar da namijin ya fara tara kumfa a saman ruwa, a gefen wani ganye, sai na ga ya jawo tabarmarsa kusa. Na gaya masa gida yake ginawa, a nan ƙwai zai zauna. Da macen ta zuba ƙwan, namijin ya riƙa tsintar su da baki yana mayarwa cikin kumfar. Baba da kansa ya ce in ware macen, don ya lura korar ta ake yi. Ranar ya cinye tuwonsa tas, har yana tambayata me 'ya'yan za su ci in sun fito. Na yi murnar da na daɗe ban yi ba.

Washegari mijin yayar tawa, Alhajin Faskari, ya zo gaisuwa, yana karkaɗa makullin mota. Baba ya fita alwala, ni kuma na shiga ciki kawo ruwa. Abin da ya rage wa baƙo, surukin gida kuma, shi ne ya zauna ya kama kansa. Ina! Na dawo na tarar ya naɗe hannun riga, ludayin furar Baba a hannunsa, ya yaɗe kumfar tsaf kamar mai kwashe man miya, ya watsa ta ƙofa. Kaji har sun taru.

"Kumhwa bisa ruwa dauɗa ce," ya ce mini, yana jiran godiya. "Ni in na ga haka a ramina, ruwa ya ɓaci ke nan. Allah ya so ka na zo."

Ba don yayata ba, da kofin ruwan nan a kansa zai ƙare. Namijin kuwa sai zagaye ganyen yake yi, yana leƙa sama.

Baba ya shigo, ya tsaya gaban gilashin. Alhaji ya soma maimaita karatunsa, wannan karon har da ƙarin bayani. Baba bai dube shi ba. Ya karɓi ludayin ya juya shi, ga 'yan ƙwai sun manne a ciki.

"Alhaji," ya ce a hankali, "waɗanda suka kore mani shanu, su dai sun san abin da suka ɗauka."

Ya ja tabarmarsa ya koma gindin bango. Da aka kawo tuwo bai ko buɗe kwanon ba. Alhaji ne ya cinye, har ya yaba miyar.