Mukullin da ke Cikin Gwangwanin Yaji

Bakina ne ya kusa raba Baba da bindigarsa, kuma shayi kawai aka aike ni in kai.

Baba likita ne. Duk mako yana asibiti, amma Asabar tasa ce: yana fita bayan gari wurin da ake harbin allo, ya dawo yana waƙa kamar an yi masa bushara da kujerar Makka. Tun da Kaka ya rasu, wanda shi ya koya masa saiti, a ranar kaɗai nake ganin haƙoransa.

A gidanmu na unguwar Tottenham, can ƙasar Turawa, bindigar ta fi ni gata. Kabad ɗinta na ƙarfe ne, ɗaure da bango. Kafin ya sa ta ciki, sai ya leƙa ya tabbatar babu harsashi, ya goge ta da mai, ya zare bolt, wato ƙarfen da ake ja a tura harsashi, ya kulle shi daban. Harsasan ma da akwatinsu. Mukulli kuwa doka ta ce mai lasisi kaɗai zai san inda yake. Ko Umma ba ta sani ba.

Da lokacin sabunta lasisi ya yi, wata 'yar sanda ta zo dubawa. Ta jijjiga kabad, ta gyaɗa kai. Ina ajiye shayi ta tambayi Baba ko wani ya san maɓoyar mukullin.

Na ce, "Ni na sani."

Baba ya zauna a hankali, kamar wanda aka zare wa laka. Sai lokacin na gane abin da na yi.

Ta ce in nuna mata. Na shiga kicin, na sauko da gwangwanin yaji daga saman firji. A ciki na taɓa ganin wani ƙaramin mukulli, na shekara ina jin kaina babban ɗan leƙen asiri. Ta gwada shi a kabad. Ko shiga bai yi ba.

Umma ta leƙo ta ce, "Kai, na akwatin zannuwana ne. Shekara biyu ina nemansa."

'Yar sandan ta yi dariya, yajin ya sa ta atishawa uku a jere.

Da ta tafi na jira faɗa. Baba ya dafa kaina ya ce, "Babana," don sunan Kaka aka sa mini, "ba rashin yarda ba ne. Kaya ne mai nauyi, ba na so ka ɗauka tun yanzu."

Na ce, "To raɗa mini a kunne kawai, Baba."

Ya ce, "Je ka wanke kofuna."

Lasisin ya iso bayan 'yan makonni. Har yau ban san inda mukullin yake ba.