Man goge ƙarfe da gursun mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina cewa babu wanda ya isa ya yi mini wayo a duk faɗin Gure, na yi wani abu da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Mahaifiyata tana da wasu tsofaffin kuɗin azurfa guda biyar, manyan nan masu hoton wata mata mai jiki. Gursu take ce musu, da Barbarci. Ta gaje su wurin tata uwar, an yi musu kunne an zura a igiya, suna ƙulle a tsumma cikin kwalla. Sun yi baƙi ƙirin, ko hoton ba a gani sosai. Ni kuwa baƙin nan ya tsaya mini a rai.

Ina da wani aboki, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da aka turo daga Tawa. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Yana da wani gwangwanin man goge ƙarfe, irin wanda sojoji ke goge kan bel da shi, da shi yake goge motonsa, wato babur, da farantin shayi har ka ga fuskarka a ciki. Da Inna ta tafi ta'aziyya Kelle, sai na ce yauwa, ga dama ta samu, zan ba ta mamaki. Ban tambayi kowa ba na kwance tsumman, na kai masa.

Ya juya su a hannu, ya ce, "Mutumina, tsohon abu fa ba a cika son a goge shi ba. Inna ta sani?"

Na ce, "Kai dai goge, malam. Kayan gidanmu ne."

Na bar masa su, na wuce kasuwar Gidigir, sai da na kwana biyu. Da na dawo ya shimfiɗa mini su a kan farantin. Huɗu suna walƙiya kamar yau aka ƙera su. Ta biyar kuwa ta yi ja, sai ɗan fari-fari a gefe.

Ya ce, "Wannan ba azurfa ba ce. Tagulla ce aka yi wa ruwan azurfa, man ya cinye shi. Wallahi da na ga ta fara ja sai na tsaya."

Na ce to, na gode. A baki ke nan. A zuci kuwa, tun kafin in kai ƙofa na gama yanke masa hukunci. Kayan da suka fi ni shekaru a gidanmu, sai da suka kwana biyu a ɗakin baƙo ɗaya za ta zama tagulla? Nan take na zama ɗan sandan ciki. Na tuna ya taɓa tambayata ko ana samun tsofaffin kaya a garin. Na ji an ce ya je Damagaram a ƙarshen makon. Na ga sabuwar taya a motonsa, na ce shi ke nan, ga azurfar kakata tana birgima cikin rairayi. Har tambayar da ya yi mini, ko Inna ta sani, sai na mai da ita shaida.

Da Inna ta dawo na ajiye mata su, na zayyana mata komai, ina huci. Ta ɗauki jar ta riƙe, ta daɗe tana kallonta. Abin da ta ce kawai, "Wa ya aike ka?" Ta ƙulle tsummanta ta shige ɗaki. Na ɗauka baƙin cikin sata ne ya hana ta magana.

Na daina zuwa shayi wurinsa. In mun haɗu a masallaci sai in ba shi yatsu uku in wuce. Abin da ya fi muni, a majalisa na ce, "A dai riƙa kula da baƙin da ake ba amana." Ban kama suna ba, amma Gure ba ta da girman da za a kasa ganewa. Ba a yi wata guda ba, mutumin da iyayen yara ke aika wa dabino daga kwari ya koma cin tuwonsa shi kaɗai.

Wata safiya Inna tana tankaɗe, maganar ta iso kunnenta ta bakin maƙwabta. Ta kira ni. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana.

"Kai, zo nan. Malamin nan bai ɗaukar maka komai ba. Ta azurfar, ni na sayar da ita."

Ta ajiye rariyar, ta ci gaba.

"Shekarar yunwa, kana goye a bayana. Hatsi ya ƙare, awaki sun mutu. Na kai wa maƙeri ɗaya, ya ba ni abin sayen gero, ya zuba mini wannan a madadinta. Kakarka idonta ya tafi, da hannu take shafa su, in ta ji biyar sai hankalinta ya kwanta. Na rataye ta tagullar a madafa hayaƙi ya dafa ta har ta yi kama da ƴan'uwanta. Ko mahaifinka bai sani ba har ya koma ga Allah." Ta share ido da gefen zane. "Kunya ce ta rufe mini baki. Amma ba zan bar bawan Allah ya ɗauki kayana ba. Geron nan kai ka sha kununsa. Tashi ka je."

Na je na faɗa wa malam komai, na roƙi gafara. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Allah ya yafe mana. Ka gaishe da Inna." Na koma majalisa na wanke shi da bakina, a gaban waɗanda na ɓata shi a wurinsu.

Abin da na koya, zargi ba ya buƙatar hujja, shi yake ƙera abarsa. Har taya sai da na sa ta ba da shaida. Ban sake goge wani tsohon abu ba tare da na tambayi mai shi ba.

Muna zumunci har yau, ya koma Tawa tuntuni. Bara na je wurinsa, na ce zan bar jakata a ɗakinsa in shiga kasuwa. Ya yi murmushi, ba da fushi ba, ya ce, "To mutumina, buɗe ta mu ga abin da ke ciki tukuna."