Ranar da Na Kai Goggo Ɗa'ifa

Goggona, yayar mahaifina, ta shekara talatin da ɗoriya a Makka. Aikin hajji ya kawo ta, mijinta ya rasu bayan an sauko daga Arfa, ita kuma ta ce inda aka binne shi nan za ta jira nata. Ba ta da iƙama, wato takardar zama. A unguwar Misfala take, ɗaki guda da wasu tsofaffi uku, tana sayar wa alhazai hatsin tattabaru a bakin hanyar Harami. Burinta ɗaya ne a duniya, kuma ba ta ɓoye shi: ta mutu a Makka, a sallace ta a gaban Ka'aba. Kowa ya san in askarawa suka kama marar takarda, sai jirgi, sai gida, ba dawowa. Shi ya sa ba ta nisa da unguwa.

Ni karatu ya kai ni, lokacin ana ta rushe tsofaffin gidajen kusa da Harami don a faɗaɗa shi. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta kama sunana, Babana take ce mini. Duk Juma'a a wurinta nake cin tuwo, in ci in ƙoshi, in tsokane ta, ta kore ni.

A shekarata ta biyu aka yi wani zafi wanda ko marfin mota ka taɓa sai ka yi salati. Ƙuraje suka feso mata a wuya, barci ya gagare ta. Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga Ɗa'ifa ba, garin nan da ke kan duwatsu inda mutanen Makka ke gudu su sha iska, sai zuba nake kamar 'ya'yan kanya.

Na ce, "Goggo, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan kai ce fa. Sanyi kamar an buɗe firji."

Ta ce, "Babana, in ajali ya riske ni a kan dutsen fa? Shekara talatin ina gadin kabarina, sai ka ɗauke ni yawon buɗe ido in yi asararsa?"

"Ai mutuwar ma hutu take zuwa yi can, ba aiki ba."

"Allah ya shirye ka. Wannan ne karatun da ake koya muku?"

Naci gadon gidanmu ne, ita ma ta sani. Mako uku ina bin ta kafin ta yarda, bisa sharaɗi: a fita bayan asuba, a dawo kafin magariba. In kuwa ta cika a can, kada in yi kuka, kada in gaya wa kowa, in zaunar da ita a kujerar baya in gyara mata niƙabi, mu sauko da ita kamar mai barci. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ita ko murmushi ba ta yi ba, sai da ta sa na ce na ɗauki alkawari.

Wani abokina ne ya ja mu a motarsa. Haifaffen unguwar Shisha ne a nan Makka, iyayensa Sakkwatawa, amma Hausa ta gudu ta bar shi, sai 'yan guntaye. Shi ya tabbatar mini cewa in ba lokacin hajji ba, ba mai kula tsohuwa a bayan mota. Haka kuwa aka yi. A shingen hanya askari ko ɗago kai bai yi ba, hannu kawai ya kaɗa mana. Duk da haka ina jin ƙarar carbin Goggo a bayana har muka fara hawa.

Hanyar Hada, wadda ke hawa zuwa Ɗa'ifa, nannaɗe take da dutsen kamar rawani. Ka sha wannan kwana, wata na jiranka, kunnuwa su toshe su buɗe. Abokina ya kashe na'urar sanyi ya sauke gilashi, iska ta shigo. Carbin ya yi shiru. Can sai ga birai jere a kan katangar bakin hanya, manya da 'ya'yansu, suna jiran masu mota su jefo musu abinci.

Goggo ta ɗage niƙabi. "Ikon Allah! Ɓarayin masara, har nan kuka biyo ni?"

Ashe tana yarinya ita ke gadin gonar mahaifiyarta, tana kaɗa gwangwani tana korar su. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Abokina ya miƙa mata ayaba ya ce, "Yalla ya Hajja, ba su." Ta ce ko ɓawo ba za ta ba ɓarawo ba, ta ɓare ta cinye a gabansu.

A sama akwai wasu akwatunan gilashi da ke tafiya rataye a igiya, mutane na shiga don kallon kwari. Na ce mu gwada. Ta dubi akwatin, ta dubi ramin da ke ƙarƙashinsa, ta dube ni, ta ce, "Wato neman cika alkawarin naka kake da wuri." Muka bar zancen. Muka sami gindin wata bishiya muka shimfiɗa darduma. Abokina ya sayo rumman da inabi da gasasshiyar masara, na zuba shayi. Iyalai ne ko'ina, kowa da tukunyarsa. Goggo ta ci masara rabi, ta ja mayafi ta lulluɓa, ta yi barcin da ta yi watanni ba ta samu ba. Na zauna ina kore mata ƙuda, raina fes.

Bayan azahar hadari ya haɗo. Kafin mu naɗe darduma ruwa ya sauko, kowa ya ruga mota. Na yi ta kiran Goggo, ta yi kunnen uwar shegu da ni, tana tsaye a gindin bishiyar, tafin hannunta a buɗe. Ruwan bai daɗe ba. Da ya ɗauke sai ta cire takalmi, ta taka zuwa wata 'yar gona da ke gefen hanya, ta durƙusa a bakinta. Na bi ta ina mita, wai za ta kwashi mura. Ta sa yatsu ta tona ƙasa, ta ƙara tonawa har hannunta ya nutse zuwa wuyansa, ta damƙo ta matse, ta kai hanci.

Ta ce, "Ya ratsa. Wannan ruwan shuka ne."

Na ce, "Goggo, ai a Makka ma ana ruwa."

"A kan kwalta yake sauka. Ka taɓa jin ya yi ƙamshi?" Ta sake shinshina ƙasar, ta ce, "Wane wata ake ciki a lissafin gida?"

"Agusta."

"To gero ya yi kai. Yara na can suna gasa tumu."

Nan ta zauna a kan dutse, ƙasar na hannunta, ta shiga tambaya. Da can in na zo da labarin gida, abin da take tambaya ɗaya ne, wa ya rasu, ta yi masa addu'a. Ran nan masu rai ta tambaya. Tsamiyar bakin gonar tana nan? Wa ke noma wurin yanzu? Ƙanwarta har yanzu tana da wannan dariyar mai kama da tari? Na amsa abin da na sani, na ƙara da abin da ban sani ba.

Mun shigo Makka ana kiran magariba. Na ce, "To Goggo, ga ki ga kabarinki, ba wanda ya taɓa shi." Ta ce Allah ya yi mini albarka. Na tafi ina jin kaina, wai na yi abin kirki.

Wata biyu bayan haka, ranar Juma'a, ta bari sai da na gama cin tuwo, sannan ta ce gida za ta. Na zaci wasa ne. Da na ga ba wasa ba ne hankalina ya tashi. Na tuna mata cewa in ta miƙa kanta ga askarawa aka fitar da ita, shi ke nan, ba ta ba Makka. Na jawo mata falalar salla a Harami, na jawo duk abin da na haddace. Ta saurare ni har na gaji.

Ta ce, "Babana, duk na san wannan tun ba a haife ka ba. Tun ranar dutsen nan, in na ɗaga hannu zan roƙi mutuwa a nan, sai in ji bakina yana roƙon in ga damina. Na yi istigfari, na sake, haka dai. Ƙasar da aka ɗebo mutum, ita ke kiransa. Ni dai na ji kira."

Ta tafi. Damina biyu ta gani a ƙauyenmu. Ta rasu da kaka, an gama yankan gero, mutanen da ba su cika sahu uku ba suka sallace ta a ƙofar gida. An ce ta yi ƙiba, an ce kullum tana gona tana yi wa jikokin ƙanwarta faɗa. Na yi kuka sosai, kuma har yau ban san ko alheri na yi mata ko ɓarna ba.

Ni na kai labarin rasuwarta Misfala. Tsofaffin ɗakinsu suka yi salati, suka yi addu'a. Babbarsu, wata Bazazzagiya da ta riga Goggo zuwa Makka, ba ta ƙara amsa gaisuwata da sakin fuska ba tun ranar da Goggo ta tafi. Ta ce a gaban kowa, "Kai ka raba ta da Ka'aba." Ban musa ba.

Da na tashi tafiya sai ta biyo ni har bakin matakala, tana dafa bango. Ta rage murya.

"Ɗan nan, ruwan da ake yi a dutsen, da gaske ƙasar tana ƙamshi irin na gida?"

Na ce, "Da gaske ne, Hajiya."

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta ce, "To ko na roƙe ka, kada ka kai ni."